Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Lissafin Wani Uba a Kan Koyon Tekwando



Tun da maƙwabta da abokan aiki suka san cewa ƴaƴana biyu suna zuwa koyon tekwando, tambayoyi biyu ne ba sa ƙarewa a kunnena. Ta farko ita ce, sau nawa ya kamata yaro ya je a mako? Ta biyu kuwa, nawa ake biya? Masu tambayar sukan raba su, kamar kowace gidanta dabam. Ni kuwa shekarun da na yi ina riƙe da littafin lissafin wannan al'amari sun nuna mini cewa tambaya ɗaya ce mai kai biyu. Yawan zuwa shi ke yanke yawan kuɗi, yawan kuɗi kuma shi ke yanke ko yaron zai ɗore ko zai tsaya a hanya. Shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa abin da na gani a wannan fili namu na iyali, ko Allah zai sa ya amfani wani uba ko wata uwa da ke tsaye a bakin wannan shawara.

Ba abin mamaki ba ne yaranmu su ƙwallafa rai a kan wannan wasa. A watan Agusta na 2016, a gasar Olamfik ta birnin Riyo na ƙasar Birazil, wani dogon saurayi ɗan Nijar, Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ya kai wasan ƙarshe na masu nauyin sama da kilo 80, ya dawo gida da lambar azurfa. Kafin shi, lamba ɗaya tak ƙasarmu ta taɓa samu a wannan gasa, wato ta tagulla da Issaka Dabore ya ciwo a damben zamani a birnin Munik a 1972. Shekara 44 ke nan ana jira. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu. Tun daga lokacin, a nan Maraɗi inda nake zaune, ba wuya da la'asar ka ga yara cikin fararen kaya sun nufi gidan matasa ko farfajiyar wata lakwal, wasu tekwando, wasu karate, wasu judo. Yaron da ya ga ɗan ƙasarsu ya ɗaga tuta a gaban duniya, dole ransa ya biya. Sauran aikin na uba ne, shi da aljihunsa.

Mu da muka tashi a ƙauye, biyan kuɗi don a koya wa yaro faɗa abu ne da ke yi mana nauyi a zuci. Kokowa muka sani, ita kuwa ba ta da kuɗin wata. Da an gama girbi, farin wata ya fito, sai a hallara a dandali. Rairayi shi ne shimfiɗa, yayyenka su ne malamai, wanda ya kayar da kai yau shi ya koya maka yadda za ka kafa ƙafa gobe. Haka dambe yake a wajen ƴaƴan mahauta. Gasar takobin ƙasa ma, wadda aka fara a Tawa a 1975, daga irin wannan dandali take samun gwarazanta.

Wasannin da suka zo mana daga gabashin Asiya tsarinsu dabam ne, domin da tsani suka zo. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Japan a 1882, shi ya shimfiɗa tsarin hawa mataki-mataki, daga baya karate da tekwando suka ara. A tekwando, yawanci matakai goma ne tsakanin farar ɗamara da baƙa, kowane mataki da jarrabawarsa. Akwai kuma jerin motsi guda 8 da ake kira pumse, waɗanda ɗalibi zai riƙe ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sake rubuta wani. Wanda bai kai shekara 15 ba, ko ya gama matakan duka, ba a ɗaura masa baƙar ɗamara zalla, sai mai ratsin ja da baƙi. Wannan tafiya takan ci shekara uku zuwa biyar. Saboda haka uban da ya kai ɗansa rajista ya sani cewa doguwar hanya ya saya, kuma ba a auna guzurin doguwar hanya da zangon farko.

Ɗan hakin da ka raina

Na yi musu rajista a watan Oktoba na 2022, namijin yana da shekara 10, macen tana da 8. Malamin wasan, wanda kowa ke kira metir, ya ce mini kuɗin wata sefa 3,000 ne kowane yaro, kuma ko sau biyu yaro ya zo a mako ko sau biyar, kuɗin ba ya canzawa. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da ake gani daga ƙofarsa. Aikin koyarwa ya saba mini da rubuta komai, don haka na ware littafi guda, duk dalar da ta fita saboda wannan wasa sai na shigar da ita. Alƙaluman da zan kawo na gidana ne da kulob ɗinmu. Wani wuri za su fi haka, wani wuri su kasa, amma ramukan da kuɗin ke zurarewa sunayensu ɗaya ne a ko'ina.

Ga abin da littafin ya nuna a ƙarshen shekarar farko, wata goma, ana zuwa sau biyu a mako. Kuɗin wata na yara biyu, sefa 60,000. Rajista, 4,000. Kayan wasa, waɗanda muke kira kimono, 16,000. Lasisin shekara da inshora, 6,000. Jarrabawar ɗamara, sau biyu ga kowane yaro, 16,000. Kabu-kabu, 300 zuwa 300 dawowa, su biyu a kan babur ɗaya, sau 80, ya kama 48,000. Ruwa da ɗan abin taɓawa bayan an tashi, 200 kowane zuwa, 16,000. Jimilla sefa 166,000.

A duba da kyau. Kuɗin watan da aka faɗa mini a ƙofa, wanda shi kaɗai iyaye ke tambaya, da kaɗan ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fita. An ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijar zuwa sefa 42,000 a wata. Ke nan abin da ya tafi a wasan yara biyu ya kusa albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci.

Sai na sake lissafin a kan zuwa sau biyar a mako. Kuɗin wata yana nan yadda yake, kamar yadda metir ya ce. Amma kabu-kabu ya tashi daga 48,000 zuwa 120,000, ruwa da abin taɓawa daga 16,000 zuwa 40,000. Jimilla ta koma 262,000, ƙarin sefa 96,000 ke nan, alhali ko dala ba ta ƙaru a hannun malamin ba. Ban ma sa sabulun wanki ba, ban sa kimono da ke saurin mutuwa ba, ban sa tukunya ba, domin yaron da ya yi awa ɗaya da rabi yana shuri da tsalle ba ya ƙoshi da rabon da ya saba. In kuwa aka kai ga shiga gasa, wani babi ne ya buɗe: sulken ƙirji, hular kare kai, makarin ƙwauri da na hannu, robar haƙora, ga kuɗin mota da masauki. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma ba a sa ƙaramin yaro a mota shi kaɗai.

Jiki da magayinsa

Ko da aljihu ba ya ƙara, jikin yaro yana da nasa hukunci. Na ga kowane irin zuwa a kulob ɗinmu, na kuma ga abin da kowanne ya haifar.

Mai zuwa sau ɗaya a mako yana amfana, amma da ƙyar yake gaba. Kwana shida sun isa ƙafa ta mance abin da aka koya mata, sai rabin darasi ya tafi wajen tuna na baya. Duk wanda ya taɓa zama gaban allo ya san makomar yaron da ke zuwa karatu ranar Asabar kaɗai. Abin da ya fi damuwa shi ne yana ganin sa'o'insa suna canza ɗamara shi yana nan, har zuciyarsa ta karaya.

Sau biyu a mako, in an raba kwanakin da kyau, misali Laraba da Asabar, shi na ga ya fi dacewa da mai farawa. Kafin darasi ya huce wani ya zo, kafin gajiya ta taru an huta. In aka haɗa da minti 10 ko 15 na bita a tsakar gida da safe, wanda ba ya cin ko sisi, sai ka ga yaron yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da masu zuwa kullum. Sau uku na wanda ya ɗan tasa ne, ya shekara biyu ko fiye a ciki, kuma shi da kansa yake nema. Abin da ya wuce haka na masu shirin gasa ne, su ma na ƴan makonni.

Dalilin yana cikin halittar jiki. Tsoka ba ta yin ƙarfi lokacin da ake wahalar da ita, sai lokacin da take hutawa bayan wahalar. Ga yaro kuma akwai ƙarin abin lura: a ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsi mai laushi, wanda daga nan ne tsawo ke fitowa, kuma bai gama ƙwari ba sai bayan balaga. Yawan tsalle da shuri ba hutu shi ke kawo ciwon nan na ƙasan gwiwa da na diddige da ake yawan gani ga ƴan shekara 10 zuwa 14. Likitocin wasanni suna ba da wata shawara mai sauƙin riƙewa: awowin da yaro ke yi a mako a wasan da ake horar da shi kada su wuce yawan shekarunsa, kuma ya samu aƙalla kwana ɗaya ko biyu na cikakken hutu.

Wani zai ce, ai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana. Haka ne. Amma hukumar ba ta ce sai motsin da aka biya kuɗi ba. Ƙwallon bayan gida motsi ne, keke motsi ne, tafiya lakwal a ƙafa da tura kurar ruwa duk suna cikin lissafi.

Sannan a ɗauki makon yaro a shimfiɗa shi kamar tabarma a ga inda ya rage. Lakwal daga Litinin zuwa Juma'a, ga aikin gida da ake ba su. Islamiyya ko makarantar allo da yamma. Aike da taimakon uwa. Barci, wanda ɗan firamare ke bukatar aƙalla awa 9. Duk yammacin da aka ba wa wasa, daga hannun ɗaya daga cikin waɗannan aka karɓo shi. Wanda ya ce ɗansa yana zuwa kulob kullum, ni tambayar da nake yi masa ita ce, wa aka rage wa?

Ranar da aka nemi a ƙara

A shekara ta uku metir ya tare ni bayan an tashi. Ya ce, “Malam, yaron nan yana da ƙafa. Ka bar mini shi sau biyar a mako, cikin shekara biyu sai ka ji sunansa a rediyo.”

Babu uban da zai ji wannan magana kansa bai yi girma ba, kuma na san ba don kuɗi ya faɗa ba, tun da ba abin da zai ƙaru gare shi. Na ce, “Metir, Allah ya saka da alheri. Ka ba ni kwana biyu in yi shawara da gida.”

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Bayan sallar isha'i yaron ya zo ya durƙusa, ya ce, “Baba, abokaina kullum suke zuwa. Za su wuce ni.”

Ban yi masa dogon wa'azi ba. Na ɗauko littafin na buɗe masa, na miƙa masa alƙalami, na ce ya lissafa kuɗin kabu-kabu na ƙarin kwana uku a mako har wata goma. Ya samu 72,000. Na ce ya lissafa abin da ke fita don ƙanwarsa ita kaɗai, kuɗin wata da lasisi da jarrabawa da kimono. Ya samu 49,000. Ya daɗe yana kallon lambobin biyu, sannan ya ɗago ya ce, “Ke nan sai an cire ta?”

Na ce, “Ba wanda za a cire. Shi ya sa muke lissafi.”

Muka tsaya a kan sau uku. Rana ta ukun yana tafiya da keke tare da wani babban yaro na unguwarmu, ba kuɗin babur. In gasa ta matso, kuma ba lokacin jarrabawar lakwal ba ne, yana ƙara kwanaki na mako huɗu, sannan ya koma yadda yake. Metir bai ji daɗi ba da farko, amma ya karɓa.

Na tsaya a kan maganar ƙanwar don na san halinmu. In kuɗi ya yi ƙaranci a gida, sunan ƴa mace aka fi saurin sokewa, a ce ai ita ba ta bukata. Mahaifiyarsu ce ta fara faɗa mini tun ranar rajista: “Malam, in za a sa, a sa su duka, in za a bari, a bar su duka.” Yarinyar da ta san yadda za ta fizge hannunta daga riƙon wanda ya fi ta ƙarfi, ta kuma saba da ɗaga murya ba tare da rawar jiki ba, ta samu abin da zai bi ta har gidan aurenta. Sutura ma ba ta hana: kimono dogon wando ne da riga mai dogon hannu, ana kuma sa ɗankwali ƙarƙashin hular kare kai. Hedaya Malak ta ƙasar Masar da lulluɓinta ta ci lambar tagulla a Riyo a 2016, ta sake cin wata a Tokiyo a 2021. A wannan gasa ta Tokiyo, Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar a tekwandon mata. In tilas ta sa a rage, a rage kwanaki, kada a rage yaro.

Mai gudu da mai tafiya

Akwai wani abokina ɗan kasuwa da ya sa ɗansa shekara guda bayan nawa. Mutum ne mai son ƴaƴansa, hannunsa kuma a sake yake. Ya ce shi ba ya son abu rabi-rabi, sai yaron ya riƙa zuwa kwana shida a mako. Wata uku na farko kowa sha'awarsa yake yi. A wata na huɗu kasuwa ta ja baya, kuɗin babur ya fara nauyi. A na biyar yaron ya fara ɗingishi da ciwon gwiwa, makinsa a lakwal ya sauka, malamin Islamiyya ya aiko a tambayi ko lafiya. A na shida bashin wata biyu ya taru, uban ya ji kunyar zuwa ya yi bayani, sai kawai aka daina.

Kuɗin da ya tafi ana iya mayar da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na ga yaron yana kauce wa layin da kulob ɗin yake, yana zagayawa ta wata hanya don kada ya haɗu da metir. An kai shi ya koyi dauriya da tsayawa a kan abu, ya fito da darasin cewa abu ana fara shi da zafi a watsar, kuma wanda ake bi bashi ɓuya yake yi. Da sau biyu aka fara, kuɗin da aka kashe a wata shidan nan da ya kai shi kusan shekara, gwiwarsa lafiya, kansa a ɗage.

Daga wannan na fitar da ma'aunin da nake ba duk mai tambayata. Kada ka auna yawan zuwa da watan da aljihunka ya fi nauyi. Ka duba watan da ya fi maka tsanani a shekara, watan da kuɗin shiga lakwal ya haɗu da cefanen salla ko da jinyar wani a gida, ka tambayi kanka kwana nawa za ka iya ɗauka a wannan wata ba tare da cin bashi ba. Amsar da ka samu ita ce adadin kwanakinka. In biyu ne, biyu. In ɗaya ne, ɗaya tare da bita a gida. In babu, ka jinkirta zuwa baɗi, ka faɗa wa yaron gaskiya, ya fi a fara a yanke.

Shekara ba ta tafiya da ƙafa ɗaya

Ko adadin da aka tsayar ba ya zama daram duk shekara, domin ƙasarmu tana da lokutanta. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ɗakin da aka rufe da kwano kuwa ya fi waje. A wannan lokaci sai an matsa darasi zuwa sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, kuma kowane yaro da gorar ruwansa. In azumi ya kama, wanda ya fara ɗauka muna rage masa zuwa sau ɗaya, bitar motsi kawai ba karawa, kuma tun kafin watan ya tsaya nake zama da metir mu daidaita abin da za a biya. Yaron da ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba ya komawa sai ƙarfinsa da cin abincinsa sun dawo. Watan jarrabawar ƙarshen shekara littafi ne a gaba. Agusta da Satumba kuwa ƙauye suke tafiya wajen kakanninsu, inda hauya da kokowar dandali ke karɓar aikin, ba tare da an biya kowa ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin kuɗi amma yana cikin farashi. Darasin da ke cinye magariba ba namu ba ne, kome arharsa. Haka batun sunkuyawar gaisuwa da waɗannan wasanni suka zo da ita: na yi wa metir magana tun ranar farko, ya ce ba ni ne na fara ba, a wajensa ɗora hannu a ƙirji ya wadatar.

Haƙƙin mai koyarwa

Duk wannan lissafi kada ya sa mu mance cewa shi ma metir mai iyali ne. Namu yana da wata sana'a da safe, da yamma yake zuwa ya tsaya awa biyu a kan ƴaƴan mutane. Daga jika ukun nan yake biyan hayar wuri, ya sayi katifun ƙasa da abin bugu, ya gyara abin da ya lalace. Wanda ke tura ɗansa kullum amma in wata ya ƙare sai ya ɓace, ya ci haƙƙin mutum. A biya a farkon wata. In abin ya gagara, a je da ƙafa a faɗa. Ban taɓa ganin ya kori yaron da ubansa ya zo ya yi bayani ba, na ma san waɗanda ya rage wa saboda su uku ne daga gida ɗaya.

Sai dai ba kowane mai baƙar ɗamara ne ya cancanci a damƙa masa yaro ba. Kafin ka biya ko dala, je ka zauna ka kalli darasi ɗaya daga farko har ƙarshe. Tambayi ko kulob ɗin yana ƙarƙashin hukumar wasan ta ƙasa, kuma me inshorar ke ɗauka in yaro ya ji ciwo. Tambayi sau nawa ake jarrabawar ɗamara a shekara da kuɗin kowace, domin inda ake yin ta kowane wata, ɗamara ta zama haja. Tambayi ko dole ne a wajensa za a sayi kaya. Ƙirga yaran da ke gaban malami ɗaya. Duba ko ana haɗa ƙanana karawa ba kayan kariya, ko ana dukan yaro da sunan horo. Wanda ya yi maka alkawarin baƙar ɗamara cikin shekara guda, yi masa godiya ka kama hanya. In akwai kulob biyu masu kyau, ɗauki wanda yaro zai iya zuwa da ƙafa, ko da kuɗin watansa ya ɗara, domin mun ga inda kuɗin ke tafiya.

Abin da aka samu

Ƴaƴana ba su ciwo kofin ƙasa ba, sunansu bai fita a rediyo ba. Wasu daga cikin waɗanda suka fara tare da su sun riga su canza ɗamara, da yawa kuma sun bari tun tuni. Su suna nan. Namijin, wanda da abu kaɗan ke tunzura shi, yanzu shi ke raba faɗa a unguwa, domin wanda ya san abin da ƙafarsa za ta iya yi ba ya saurin ɗaga ta. Macen, wadda da ba a jin muryarta in an yi baƙi, ita ke tsayawa gaban sababbin ɗalibai tana ƙirga musu motsi. Su ke wanke kayansu, su ke tuna mini ranar biya. Karatunsu na lakwal da na allo bai ja baya ba, kuma ba mu taɓa cin bashin kowa saboda wasa ba.

Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Uban da ke son ɗansa ya kai ga ruwa, ya zaɓa masa yawan kwanakin da gida zai iya ɗauka shekara da shekaru, ya riƙe su da kyau, ya biya malami haƙƙinsa, kada ya bar wata a baya don wani ya yi sauri.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiyar jiki da natsuwar zuciya, ya hore mana abin da za mu ɗauki nauyinsu da shi. Wassalam.